Dalmar da Auta Ya Cire

Sunan da kowa ya san shi da shi, cikakkensa, shi ne Auta Mai Sifirin. Yana da sunan yanka, amma ban taɓa jin an kira shi da shi ba. Na fara saninsa a watan Fabrairu na shekarar dubu biyu da takwas, shekarar da na kammala ajin manya na yamma na karɓi takardar shaidata, furfura ta riga ta sauko mini a gemu. Na faɗi wannan ne domin mai karatu ya sani cewa wanda ya sha wahala kafin ya mallaki harafi ba ya ɓarnatar da shi a kan abin da bai gani da idonsa ba.

Ni mai walda ne. Wata rana ya shigo rumfata da wani guntun ƙarfe da bai fi ɗan yatsa ba, a naɗe cikin hankici, ya ce in haɗa masa. Na tambaye shi na mene ne, ya ce ƙafar mota ce. Na ce to wannan mota sai dai ɓera ya tuƙa ta. Bai yi dariya ba. Ya ce in zo bayan tsohuwar masana'antar bulo ranar Lahadi in ga ɓerayen.

Na je, na tarar da magidanta, wasu da jikoki, suna tseren ƙananan motoci a kan turɓaya. Kowace mota tsawonta kamar daga gwiwar hannu zuwa kan yatsu, batir take amfani da shi, ana sarrafa ta daga nesa da rimot mai ɗan sitiyari a gefe da kunama irin ta bindiga a ƙasa. Kada ƙanƙantarsu ta ruɗi mutum. Nauyinsu ya kai na bulo, kuma idan suka miƙe a doguwar hanya ido da ƙyar yake bin su. An zagaye filin da tsofaffin tayoyi, an tara tudun ƙasa nan da can domin tsalle. Matuƙa suna tsayawa a kan wasu katakai da aka ɗora bisa durom. Ni na ƙera musu dakalin ƙarfe mai matattakala da madogara, wanda yake tsaye har yau, ko haɗi ɗaya bai tsage ba.

Dokokin wurin biyu ne masu nauyi, kuma wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da muke kira Mai Usur shi ne yake tsare su. Ta farko: idan mota ta kife, matuƙi ba ya saukowa, akwai masu tsaron kwana da suke tayar da ita, kuma wajibi ne matuƙi ya ɗauke yatsa daga kunama muddin hannun mutum yana kan motar. Ta biyu: duk wanda motarsa ta tsallake shinge ta ji wa ɗan kallo ciwo, ya sauka daga dakali ke nan har abada. Idan yana son zama cikin jama'a, sai ya sa rigar ruwan ɗorawa ya tsaya a kwana yana tayar da motocin wasu.

Auta ba ya tuƙi. Gyaran keken ɗinki ne sana'arsa, shi da yayansa, a shagon da suka gada wurin mahaifinsu. A fili kuwa yana da tebur a ƙarƙashin wata rumfar kwano, da akwati mai aljihuna cike da sifirin kala-kala, wato murɗaɗɗun wayoyin nan da ake dannawa su dawo, da kwalaben man shakazoba, na'urar da take rage wa mota jijjiga, daga mai ruwa-ruwa har zuwa mai kaurin zuma, da tayoyi masu taushi da masu tauri, da ƙananan giyoyi a jere bisa girma. Duk wanda yake son motarsa ta kwanta a hanya wurinsa yake kai ta.

Abin da ya bambanta shi da sauran masu saiti shi ne, idan ana tsere ba ya kallon fili. Baya yake juya wa motocin, ya tsaya a gindin dakali yana kallon hannuwan matuƙa. Na tambaye shi dalili, ya ce mini:

"Malam Walda, turɓaya ɗaya ce ga kowa. Hannu ne kowa da nasa. Su suna saita mota ta dace da fili, ni ina saita ta ta dace da aibin mai ita."

Wanda yake fizgar sitiyari, sai Auta ya sa masa mai mai kauri a gaba, motar ta daina amsa kowane motsi. Wanda yake danne kunama da ƙarfi, sai ya sassauta masa kuloci, ƙarfin ya riƙa isa tayoyi a hankali. Ba ya gaya wa kowa abin da ya yi. Mutum ya karɓi motarsa, ya ga ta yi masa biyayya, ya koma gida yana jin ya ƙware.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan shi ne Yaya. Haka duk fili yake kiransa, domin haka Auta yake kiransa. Dogo ne, mai murya, mai son a taru a kansa. A shago shi ne mai zama a gaba yana hira da teloli, Auta yana ciki da sukundireba. Motar farko tare suka saye ta. A ranar da suka fara gwada ta, Auta ya riƙe rimot, ya afka da ita cikin kwata. Yaya ya karɓe rimot daga hannunsa ya ce, "Kai gyara, ni tuƙi." Daga ranar bai sake miƙa masa ba.

Yaya ya ci kofuna, ba zan rage masa ba, a ƙuruciyarsa hannu gare shi. Amma ban taɓa jin ya ambaci ƙanensa a wurin karɓar kofi ba, sai dai ya waiwaya ya ce, "Yaro, riƙe mini jaka." Yaron nan a lokacin ya haura arba'in. Idan baƙo ya yaba saitin motar, sai Yaya ya ce, "Ɗaure noti ai ko biri ka koya masa zai yi. Ka ba wannan rimot ka ga inda za a tsamo ta." Jama'a su yi dariya. Auta ma ya yi murmushi, ya ci gaba da goge taya.

Bayan wasu shekaru hannun Yaya na dama ya fara rawa. Da farko kaɗan ne, sai wanda ya tsaya a gindin dakali yana kallon hannuwa zai lura, kuma mutum ɗaya ne yake tsayawa a wurin. Ni na sani ne saboda Auta ya zo rumfata ya ce in narkar masa da dalma in zuba ta falle-falle kamar faɗin akwatin ashana.

"Me za ka yi da ita?"

"Ƙarƙashin batir zan liƙa. Mota mai nauyi ba ta jin ƙaramin motsi."

"Motar wa?"

Ya dube ni, ya ce, "Kai dai zuba."

Haka ya yi ta bin rawar hannun nan da saiti, wata bayan wata. Sandar da take juya tayoyin gaba tana da ɗan hannu mai ramuka: ramin waje yana sa taya ta juya da sauri, na ciki a hankali. Ya riƙa matsar da ita ciki, rami bayan rami. Ya ƙara kaurin mai. Ya sa sifirin masu laushi. Ya sassauta kuloci, ya sa ƙaramar giya, ya karkatar da tayoyin baya ciki kaɗan domin motar ta riƙa miƙewa da kanta. Duk lokacin da rawar ta ƙaru, sai ya dawo wurina karɓar wani fallen dalma. Yaya ya daina zuwa na ɗaya, amma yana zuwa na uku, na huɗu, kuma motarsa ba ta kifewa. Yana tsaye a dakali kamar kullum, ƙirji a waje, bai san cewa rabin abin da yatsunsa suke faɗa ba ya isa wurin tayoyi ba.

Na ɗauka ƙauna ce. Na ma faɗa wa Auta haka. Ya ce, "To."

Wata Lahadi Yaya ya zo na biyar, bayan wani direban tanka da muke kira Tanka, wanda Yaya ya daɗe yana yi wa ba'a. Tanka ya ce, "Yaya, yau kuma kaya ka ɗauko ne? Na ga kana tafe kamar mai hawan tudu da siminti." Yaya ya sauko daga dakali, ya ɗauki motarsa, ya jijjiga ta a hannu, ya nufi teburin Auta ya dangwarar da ita a kan kwalabe.

"Me ka mayar mini da mota? Amalanke?"

"Yaya, filin ne ya bushe."

"Filin bai bushe wa Tanka ba? Kai tsufa ya kama ka, hannunka ya mutu, kana neman ka kashe mini suna. Ka mayar mini da ita yadda take shekarar da na ci babban kofi. Ko ka manta?"

"Ban manta ba."

"To ko noti ɗaya kada ka bari. In ba za ka iya ba in kai wa wanda ya iya."

A nan ne Auta yake da damar ya ja yayansa gefe ya gaya masa gaskiya, ko ya ce to ya canza abu ɗaya ya bar saura. Ina tsaye kusa da shi, na ga fuskarsa. Ba fuskar wanda aka ci wa mutunci ba ce. Fuskar wanda ya daɗe a layi ce aka zo kansa.

Ya ɗaga murya, abin da ba ya yi, ya ce, "Jama'a kun ji. Yaya ne ya ce a mayar. Ko noti ɗaya ba zan bari ba."

A cikin makon ya kawo mini fallayen dalmar a leda ya ce in ajiye masa. Na ce, "Auta, ka san abin da zai faru."

"Umarni aka ba ni. Ni ƙane ne."

"Ka gaya masa mana."

"In gaya masa me? Ai biri ne ni, Malam Walda. Biri yana ba matuƙi shawara?"

Ya mayar da mai mai ruwa-ruwa, da sifirin masu tauri, da babbar giya. Ya ɗaure kuloci tam. Ya mayar da sandar sitiyari ramin waje. Ya zaɓi tayoyi masu tauri, irin waɗanda Yaya yake so a da. Motar ta koma ta saurayi mai lafiyayyen hannu, ko numfashi ka yi a kan sitiyarin sai ta amsa. Bai tsaya nan ba. Ya bi teloli shago-shago yana cewa su zo su ga Yaya ya dawo da ƙuruciya. Ya je gidan Yaya ya gayyato matarsa da 'ya'yansa mata, waɗanda ba su taɓa taka filin ba. Ranar Lahadi da idona na ga ya ɗauko benci ya ajiye a ƙarshen doguwar hanya, daidai inda motoci suke shiga kwana da gudu.

Ya ce, "Anti, nan za ki fi ganinsa da kyau."

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Auta. Kai dai ba ka gajiya da shi."

Mai Usur ya busa. Motar Yaya ta yi tsalle gaba kamar an tsikare ta, ta wuce kowa, teloli suka fara tafi. Sai ta fara lilo. Duk rawar da hannun nan ya yi shekaru yana yi a ɓoye, motar ta rubuta ta a kan turɓaya, kowa yana karantawa: dama, hagu, dama, hagu, kamar maciji a kan yashi mai zafi. Ta daki taya, ta kife, aka tayar. Ta hau tudu a karkace, ta faɗo da gefe, aka tayar. Tafin ya tsaya. Wani tela ya ce, "Ko dai ya sha wani abu ne?" Mutane suka daina kallon motar, suka juya suna kallon dakali, inda Yaya ya danne hannun dama da ƙirjinsa yana ƙoƙarin tsayar da shi. Da ya sauke yatsa ya sauko, da abin ya tsaya a kunya. Amma matarsa tana kallo. Ya shiga doguwar hanya ya danne kunama har ƙarshe.

Motar ba ta shiga kwanar ba. Ta hau shingen tayoyi, ta tashi sama, ta sauka a ƙaurin matar Yaya. Ƙashi bai karye ba, amma nama ya tsage, jini ya jiƙa mata takalmi. 'Ya'yan suka rufu a kanta. Auta ne ya fara isa wurin da tsumma mai tsabta, kamar ya tanade shi.

Mai Usur ya hau dakali a hankali, domin shi da Yaya sun daɗe tare. Ya miƙa wa Yaya hannu. Yaya ya ba shi rimot ɗin. Da zai sauko sai ya kasa riƙe madogara, na hau na kama shi. A ƙasa ya dubi ƙanensa ya ce, "Me ka yi wa motar?"

"Abin da ka ce, Yaya. Haka take ranar da ka ci babban kofi. Ita ba ta canza ba."

Na yi zaton ba za mu sake ganin Yaya ba. Amma mutumin da ya yi shekaru bai san wata Lahadi ba sai wannan, ina zai je? Bayan makonni ya dawo, ya karɓi rigar ruwan ɗorawa, wadda ta yi masa kaɗan, ya tsaya a kwanar da matarsa ta ji ciwo. A ranar ne Auta ya zo ya karɓi dalmarsa, ya mayar da ita ƙarƙashin batir, ya mayar da saitin tsoho mai rawar hannu, ya hau dakalina da rimot ɗin Yaya.

Bai iya tuƙi ba, amma motar da aka saita wa marar lafiya ko koyo kake za ta rufa maka asiri. Yana zagayawa lafiya. Sai dai duk lokacin da ya iso kwanar Yaya, motar kifewa take yi. Ba a kwanar farko ba, ba a kan tudu ba, a nan kaɗai.

"Yaya, a taimaka," yake cewa daga sama.

Yaya ya sunkuya, hannu yana kaɗawa, ya tayar. Zagaye na gaba ta sake kifewa.

"Yaro yana koyo, Yaya, a yi haƙuri. A ɗan yi sauri, ana wuce ni."

Can sai na ga Yaya ya kai hannu, tayoyin suna juyawa da cikakken ƙarfi a sama. Auta bai ɗauke yatsa ba. Haƙoran taya suka kwashe fatar bayan yatsun Yaya. Mai Usur ya busa ya ce, "Auta, ka san doka."

"Hannuna ne ya yi rawa, Mai Usur. Gado ne."

Ba wanda ya yi dariya. Yaya ya ajiye motar a kan ƙafafunta, ya gyara mata fuska ta kalli hanya kamar yadda doka ta ce, sannan ya cire rigar ya rataye a kan taya ya tafi.

Abin da Auta bai lissafa ba shi ne sauran matuƙa. Labarin dalma ya bazu, kowa ya fara duban motarsa da wani ido. Tanka ne ya fara zuwa teburin.

"Ni me ka ɓoye a tawa?"

"Kana son ka ji a nan?"

"Faɗi."

"Kai matsoraci ne a tudu. Kana sakin kunama kafin tsalle, hanci ya nutse. Na matsar maka da batir baya tun shekarar da ka zo. Tankar ma Allah ne yake kai ka."

Tanka ya ɗauki motarsa ya tafi. Waɗanda suka biyo bayansa ba su ma tambaya ba, ɗauka kawai suka yi. Ba wanda yake son ya ba da motarsa ga mutumin da ya san aibinsa fiye da shi, kuma ya nuna cewa yana iya ajiye wannan sani na shekaru har ranar da zai buƙace shi. Suka koma wurin masu saiti na gama-gari, motocinsu suka riƙa kifewa, suka gwammace haka. Auta ya ci gaba da zuwa, yana jera sifirin a tebur, yana mayar da su akwati da yamma. Tuƙin ma ya daina, domin ba kowa a kwanar da zai kife masa. Daga baya teburin ma ya ɓace.

Na daɗe ban gan shi ba, sai da ƙafar keken ɗinkin 'yata ta karye, na ɗauka na kai shagonsu. Yaya yana zaune a gaba, a kujerarsa ta kullum, ya rame, hannuwan biyu yanzu suna kaɗawa a kan cinya. Kofunan tsere suna jere a kanta, an goge su tas. Auta ya fito daga ciki ya gaishe ni da fara'a, ya karɓi keken. Sannan ya zuba ruwa a wani kofin ƙarfe ya miƙa wa yayansa. Yaya ya karɓa da hannu biyu, ya kai baki, ko ɗigo bai zube ba. Na yi mamaki har na matsa na duba. A ƙarƙashin kofin, daga waje, an liƙa falle biyu na dalma. Na gane su, ni na zuba su.

Auta ya ce, "Cokalinsa ma na yi masa. Na kaurara mariƙin, na ƙara masa nauyi. In ba da su ba, ko abinci ba ya kai wa baki. Ko ba haka ba, Yaya?"

"Haka ne."

"Jiya dai na ji kamar ka ce wa Anti kofin ya yi nauyi."

"Ban ce ba."

"Don in ya yi nauyi, faɗi kawai za ka yi. Ka san ni, ko noti ɗaya ba na bari. Yanzu sai in cire."

Yaya ya rungume kofin a ƙirjinsa, ruwan da ya rage yana motsi a ciki. Bai dube ni ba. Ya ce, "Ya yi daidai, Auta. Ya yi daidai haka."

Auta ya juyo wurina ya ce keken zai yi zuwa jibi. Ban koma ba, surukina na aika ya karɓo.

Ranar da na kai keken nan Lahadi ce, tara ga watan Yuni, shekarar dubu biyu da goma sha tara.